Kada Mu Kashe Basirar Yaro Tun Tana Tsiro

Jama'a, duk wanda ya ratsa Bompai da Sharaɗa da Challawa zai ga masaƙu da dama a garƙame, alhali Kantin Kwari cike take da atamfar ƙasar Sin. Mun saba ɗora laifin a kan rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri, kuma gaskiya ne. Amma ko da wuta ta wadata gobe, injin ba ya ƙago adon atamfa da kansa. Sai an sami mai ido da hannu, shi kuwa tun yana ɗan shekara 3 zuwa 5 ake rainonsa.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta sanya koyar da ƙirƙira ta hanyar zane-zane da wasa cikin ayyukan makarantun share fage. Duk da haka, iyaye da yawa suna ɗari-ɗari, don tsoron hanin da ya zo game da sura. To, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya gargaɗi wani mai sana'ar zane game da masu rai, sa'an nan ya nuna masa itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Ashe fili a buɗe yake: ganye, furanni, gidaje, taurari da haruffa.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zayyanar allon sauka, da adon bangon Gidan Makama, da aikin wuyan babbar riga, da rinin marinar Ƙofar Mata, duk hannun Musulmin Kano ne ya fitar da su.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa da ma'aikata: idan yaro ya ɓata bango da gawayi, kada a kai masa bulala, a miƙa masa takarda. Bayan kwali ma ya isa. Launi kuwa ga jar ƙasa, da farar ƙasa, da ruwan zoɓo, da gangamau. A guji ragowar rinin masana'anta da ruwan majema, domin akwai guba a cikinsu, yaro kuwa komai baki yake kai wa. Malama ta bar shi ya zaɓi launinsa, kada ta kama hannunsa, ta tambaye shi abin da ya zana, ta saurara. Da haka yatsunsa za su saba da riƙon alƙalami kafin ya fara rubutun allo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Basira amana ce, kuma za a tambaye mu kiwon da aka ba mu. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.