Ƙaton kare ba shi ne maganin tsaro ba a iyakar Jibiya

Duk wanda ke leƙa Facebook da TikTok ya ga hotunan manyan karnukan da ake tallatawa daga Legas da Abuja: Boerboel ɗan Afirka ta Kudu, mai faɗin ƙirji, da Caucasian Shepherd mai gashi buzu-buzu kamar zaki. Ga magidancin da ke zaune a Mazanya ko Magama, a Ƙaramar Hukumar Jibiya da ta daɗe tana fama da ’yan bindiga, ba abin mamaki ba ne idan ransa ya biya. Sai dai kafin ya sayar da bijimi ya sayi kare, ya kamata ya san abin da zai shigo da shi gida.

A fara da zafi. Caucasian Shepherd ɗan tsaunukan Jojiya da Armeniya ne da kudancin Rasha, inda ƙanƙara ke zuba, shi ya sa gashinsa ruɓi biyu ne. Namijinsa yakan wuce kilo 50. Kare kuwa ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ɗaure irin wannan dabba a ƙarƙashin rumfar kwano azabtarwa ce, kuma zafin kaɗai na iya kashe shi a yini guda. Boerboel ya fi shi dama-dama saboda gajeren gashi, amma shi ma sai da inuwa ta gaske da ruwa mai sanyi a kasko dare da rana.

Sai ciyarwa, wadda a nan ne akasari ake tafka kuskure. Karen da ya kai kilo 60 yana buƙatar abincin da ya kusa kai na baligin namiji a kullum, kuma ba ƙanzo da sauran tuwo ba, sai da nama ko kifi. Ɗan kwikwiyonsa ba ya gama girma sai ya kai wata 18 zuwa 24. Idan aka riƙa ɗura masa abinci don ya yi saurin ƙiba, nauyi sai ya riga ƙashi, ƙugu da gwiwa su lalace, a wayi gari ƙaton da aka sayo don gadi yana tashi da ƙyar. Akwai kuma murɗewar tumbi, cutar da ta fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji: ciki ya kumbura, kare ya yi ta yunƙurin amai ba abin da ke fitowa, cikin ’yan sa’o’i ya mutu idan ba a yi masa tiyata ba. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa a raba masa abinci sau biyu ko uku, kuma kada a sa shi gudu da cikakken ciki. Tambayar ita ce, da ƙarfe 2 na dare, wa zai kama hanyar Jibiya zuwa Katsina da kare a bayan mota neman likita?

Ko maganin tsutsa da na kaska da nauyi ake auna su, don haka kuɗinsu ya ninka na karen gida. Bayan duk wannan ɗawainiya, manyan karnuka ba su cika wuce shekara 8 zuwa 10 ba.

Me ake nema a wurin kare a ƙauyen iyaka? Kunne da haushi. Babu karen da zai tare mutanen da suka zo a kan babura da AK-47, komai girmansa. Abin da zai iya shi ne ya tashi mutanen gida da wuri, kuma karen gida da mafarauta suka saba da shi yana yin wannan tun kaka da kakanni. Mai son dogo ma ba sai ya je nesa ba: a tsallaken iyaka akwai Azawak, karen Buzaye na Nijar da Mali, wanda tsayinsa kan kai santimita 70 amma nauyinsa bai cika wuce kilo 25 ba, ya saba da rana da ƙarancin abinci, kuma gadin bukka da dabbobi ne aikinsa. Wanda ya bar waɗannan ya ɗauko ƙaton da ba zai iya riƙewa ba, tsugune ba ta ƙare ba.

Haɗarin da ya fi duka kuwa bai da ruwa da girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ’yan ƙasa da shekara 15. Karnuka na ƙetara iyakar Jibiya da Maraɗi ba tare da kowa ya tambaye su takarda ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar riga-kafin cutar, kuma kuɗinta bai kai na abincin Boerboel na mako guda ba. Idan cizo ya auku, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan babu mai tashi. Ya kamata sashen lafiyar dabbobi na Jihar Katsina ya riƙa kai wannan allura ƙauyukan iyaka duk shekara, ya kuma daidaita lokacin da takwarorinsa na Maraɗi.