Wa zai kare mai tona asirin gubar masana'antu?

A 1988, ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka tsegunta wa jaridun gida cewa an jibge dubban gangunan shara mai guba a garin Koko, wanda yanzu ke Jihar Delta. Fallasar ce ta haifar da Doka ta 42, mai tanadin ɗaurin rai-da-rai, da hukumar FEPA, wadda NESREA ta gada a 2007.

Sai dai mai fallasar kansa bai samu garkuwa ba. Tsarin kwarmato na Ma'aikatar Kuɗi na Disamban 2016 ya tanadi ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari ne kan dukiyar da aka ƙwato. Leburan da ya ga ana sakin dagwalon majemu a kogin Challawa na Kano ba shi da lada, kuma yana iya rasa aikinsa.

Abin da ya sami Challawa na iya samun Binuwai, inda mutanen Jimeta da Yola ke kamun kifi da noman rani. Sufeto kan zo da rana, dagwalo kuwa ana iya sakinsa da dare. Muddin Majalisar Tarayya ba ta kare wanda ya gani da idonsa ba, shiru zai fi masa.