Yini Ɗaya a Ukaimedan Ba Almubazzaranci Ba Ne

Wasu suna ganin ɗalibin da ya bar Marrakish da hunturu, ya hau duwatsun Atlas na Maroko zuwa Ukaimedan don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, ya ɓarnatar da alawus ɗinsa. Mu dai ba mu yarda ba. Dusar nan, a tsayin mita 2,600, ita ce ke narkewa ta gangara Kogin Urika, manoma su yi ban-ruwa. Shekarar da ta yi ƙaranci, da mai ba da hayar takalman zamiya da manomi duk sai sun ji a jika. Wanda gobe zai riƙe ofishin ruwa ko na gona, ya kamata ya ga wannan da idonsa. Gani ya kori ji.