Me ya sa makarantun kasuwanci a Amurka ke zawarcin tsofaffin sojoji?

A 1980, kashi 59 cikin 100 na shugabannin manyan kamfanonin Amurka sun taɓa yin aikin soja. Zuwa 2006 adadin ya faɗo kusan kashi 6, kamar yadda binciken Efraim Benmelech da Carola Frydman ya nuna.

Binciken ya gano cewa irin waɗannan shugabanni ba su cika shiga almundahana ba, kuma kamfanoninsu sun fi jurewa idan kasuwa ta faɗi, sai dai suna ɗari-ɗari da zuba jari.

Wannan hali na riƙon amana ne makarantu kamar Harvard da Wharton ke nema. Ƙaramin hafsa yakan ɗauki nauyin rayukan mutane da dama tun bai kai shekara 25 ba. Dokar GI Bill ta 2008 kuma tana taimaka masa da kuɗin karatu. Alex Gorsky, wanda ya shugabanci Johnson & Johnson daga 2012, ya bi ta West Point da Wharton.

Inda gizo ke saƙar: a kamfani umarni kaɗai ba ya isa, domin ma'aikaci yana iya ajiye aiki. Dole tsohon soja ya koyi shawo kan mutane.