Alkawarin da aka liƙa a bango ba shi ke buɗe ƙofa ba

 Yau maganar wasanni muka kawo muku, amma ta ɓangaren da ba a cika taɓawa ba: makarantu da cibiyoyin da ke horar da masu horar da 'yan wasa, wato koci-koci.

Yanzu ya zama yayi, kowace cibiya ta rubuta alkawari cewa ba ta nuna bambanci, ƙofarta a buɗe take ga mace da namiji, mai naƙasa da marar naƙasa, kowace ƙabila, kowace jiha. A tsara shi da Faransanci mai daɗi, a sa hannu, a ɗauki hoto, a liƙa a bango. Madalla. Dama aya ta 4 ta dokokin FIFA ta hana wariya, kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Rubutu kam ba mu rasa shi ba. Tambayarmu guda ce: ranar da aka buɗe ajin, su wa ke zaune a ciki?

Mu fara da harshe, don nan ne babban shinge. Ku duba unguwarku. Akwai wani bawan Allah da ya yi shekaru yana tara yara kowace la'asar a fili mai ƙura, shi ke ɗinke ƙwallo in ta fashe, shi ke raba faɗa, shi ke bin iyaye gida-gida yana roƙo a bar yaro ya zo. Wanga mutum ya san aikin fiye da da yawa daga cikinmu. Amma in darasi da jarrabawa duka da Faransanci ne, an kore shi tun kafin ya ajiye dosiye, kuma ba wanda ya ce masa "fita". Mu da muka yi lakwal mun san jarrabawa irin wannan sau da yawa Faransancin mutum take aunawa, ta bar ƙwarewarsa. Ga shi kundin sake gina ƙasa na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. To me ya hana a koyar da dabarun wasa da Hausa, a yi jarrabawa da baki da kuma a fili? Kuma kada mu Hausawa mu cire wani shinge mu kafa namu: Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci su ma a ba su wurinsu.

Sai nisa. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maradi sama da 600, Diffa kuwa ta haura 1,300. In horo bai cika fita daga babban birni ba, ɗan jiha sai ya biya kuɗin kar, masauki da abinci, ya kuma rufe shagonsa ko ya bar gonarsa. Ɗan Yamai ya hau kabu-kabu ya je, ya koma gida ya ci tuwo. A takarda daidai suke. A aljihu fa?

Maganar mata ita ce ta fi ci mana rai. Uba nawa ne zai saki 'yarsa budurwa ta je atisaye hannun namiji koci, da marece, bayan gari? Mun san amsar. In babu mata masu horarwa, babu 'yan mata a fili, shi ke nan. Amma a sa darasi har bayan magariba, babu makewayi na mata, babu inda mai goyo za ta zauna, sannan a fito a ce mata ne ba su nema ba. Haba jama'a! Batun ɗankwali ma an gama shi: tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa suka yarda a rufe kai, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga Kofin Duniya da hijabinta.

Haka masu naƙasa. Mai keken guragu ya zo ya tarar da aji a bisa bene. Kurma ya zo, babu mai fassara da hannu. Alhali koci da kai da ido yake aiki, da iya tafiyar da mutane. Akwai kuma wariyar da ba a faɗa da ƙarfi: wane ɗan maƙera ne, wane ɗan mahauta ne, wane kuwa ɗan wane ne, a sa sunansa tukuna. Kowa ya san ana yi.

Wasu za su ce wannan duk kayan Turawa ne, masu ba da tallafi suka shigo da shi. To mu je filin kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, inda Kantu na Maradi ya yi nasara, wa ya taɓa tambayar ɗan kokowa diplom kafin ya shiga fili? Ƙasa ke raba gardama. Adalcin nan namu ne tun asali. Wasu kuma za su ce in aka sassauta, inganci zai faɗi. Ba mu ce a raba takardar shaida kamar goron suna ba. Lasisin CAF na da matakai, D, C, B, A, a bar su da tsaurinsu. Cewa muka yi a auna abin da ya kamata a auna. Lambobinmu na Olimpik biyu ne kacal, tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Alfaga a taekwondo a 2016. Ƙasar da ke da matasa kamar tamu, ta yaya za ta yi wasa da masu gano gwanaye a ƙauye?

Don haka duk cibiyar da ta liƙa alkawari, ga abin da muke nema. Kowace shekara ta fito fili ta faɗi mutum nawa suka nema, nawa aka ɗauka, mata nawa, masu naƙasa nawa, daga wace jiha. A riƙa zagayawa da horo jiha-jiha. A sanar da buɗe rajista ta rediyo da harsunanmu, a daina ɓoye ta cikin gurup na WhatsApp na 'yan gida. A kuma faɗi ƙofar da wanda aka zalunta zai kai kuka, da mutumin da zai amsa masa. Cibiyar da ba za ta iya wannan ba, gara ta ɓamɓare takardar, bangon ya huta.

Ku kuma masu saurare, ku rubuto mana sunan unguwarku da labarin kocin da ke wahala da yaranku ba tare da takardar shaida ba. Za mu karanta a shirinmu, mu kai maganar gaban masu ruwa da tsaki. Allah Ya sa mu dace.