Waiwaye: Zangon da Aka Kwashe Abincinsa

A watan Fabrairun 1995, a bakin teku kusa da garin Riyo Girande, can ƙurewar kudancin Ajantina, masu binciken tsuntsaye suka kama wani tsuntsu da bai fi kurciya girma ba, suka sa masa zobe a ƙafa, suka sake shi. Daga baya aka ƙara masa 'yar tuta ruwan lemo mai lamba B95. An ci gaba da ganinsa har 2014. Da aka lissafa tafiye-tafiyensa sai aka ga sun zarce nisan da ke tsakanin ƙasa da wata, shi ya sa aka yi masa laƙabi da tsuntsun wata.

Irinsa ne Turawa ke kira red knot, mu kuwa bari mu ce masa jan-ƙirji, saboda launin da ƙirjinsa ke yi idan lokacin haihuwa ya kusa. Kowace shekara yakan tashi daga kudancin Ajantina da Chile ya nufi yankin ƙanƙara na arewacin Kanada, tafiyar kilomita kusan 15,000, ya yi ƙwai, ya juyo. Kamar fataken da, shi ma ba ya iya wannan tafiya sai da zango. Babban zangonsa shi ne gaɓar Delaware, tsakanin jihohin Delaware da Niyu Jasi a Amurka. Yakan sauka can a watan Mayu a rame, nauyinsa bai fi giram 120 ba, kuma cikin mako biyu dole ya kai wajen giram 180 kafin ya iya ƙarasawa.

Mai ciyar da shi wata halitta ce mai siffar kofaton doki, da ƙwarya mai tauri da doguwar jela kamar tsinke. Ana kiranta kaguwa, amma ta fi kusa da kunama da gizo-gizo, sai dai ba ta harbi, ba ta cizo. Masana sun ce danginta sun shekara fiye da miliyan 400 a duniya. A daren sha huɗun wata da kuma duhun wata na Mayu da Yuni, idan teku ta tumbatsa, sai su fito kan rairayi, ƙwarya na gogar ƙwarya. Macen, wadda ta fi girma, tana jan namiji a bayanta, ta tona rami ta zuba ƙananan ƙwai kore-kore wajen 4,000, ta matsa gaba ta sake tonawa. A kaka ɗaya takan yi kusan 80,000.

Abin da na daɗe ina tunani a kai yana nan. Jan-ƙirji ba ya iya kai baki ga ƙwan da aka binne da zurfi. Wanda yake ci shi ne wanda ya fito fili, lokacin da wata mace ta zo tona nata ramin ta bankaɗo na wadda ta riga ta, igiyar ruwa kuma ta watsa shi. Wato tsuntsun nan ɗan kala ne. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san kala sai gonar da ta yi albarka. Idan kaguwar ta ragu har kowace mace ta samu filin da ba wanda zai taɓa mata rami, ita tana nan da ranta, amma tsuntsu ya kwana da yunwa.

Haka kuwa aka yi. Tun a ƙarni na 19 an kwashe miliyoyinsu ana niƙawa a yi taki, har suka yi ƙaranci, daga baya suka farfaɗo. A shekarun 1990 sai kasuwar koto ta buɗe, masunta na sassara su don kama katantanwar teku da wani kifi mai kama da maciji. Mata suka fi so, saboda ƙwan. Ɗibarsu ba wuya, da hannu ake tsince su a loda a mota a daidai lokacin da suka fito haihuwa. Ba na zagin masuntan, halaliyarsu suka fita nema, kuma babu dokar kirki da ta iyakance su. Amma tsakanin 2000 da 2002, jan-ƙirjin da ake ƙirgawa a kudancin Ajantina da Chile ya faɗo daga 51,000 zuwa 27,000. A Delaware aka hana shi abinci, a wata nahiya aka ga giɓin.

Gyara ya zo daki-daki. A 1998 hukumar kamun kifi ta jihohin gaɓar Atilantika ta fito da tsarin kula da kaguwar. A 2001 aka keɓe wani yankin teku a bakin gaɓar da sunan Carl Shuster, masanin da ya ƙarar da rayuwarsa a nazarinta. A 2008 Niyu Jasi ta hana kamun ta da doka, daga 2013 kuma aka daina ba da izinin kama matan yankin don koto. A ƙarshen 2014 Amurka ta sa jan-ƙirji cikin halittun da ke fuskantar barazana. Duk da haka, a 2021 waɗanda aka ƙirga a gaɓar ba su kai 7,000 ba. Kaguwar tana ɗaukar kusan shekara goma kafin ta fara haihuwa, don haka uwar da aka sassare yau, sai bayan shekara goma a samu madadinta.

Wani zai ce, ina ruwan mai karatu a Kano ko Maraɗi? Jinin kaguwar nan shuɗi ne, saboda jan ƙarfen da ke cikinsa, kuma yana daskarewa da zarar ya haɗu da gubar ƙwayoyin cuta. Frederick Bang da Jack Levin suka gano amfanin haka, a 1977 kuma Amurka ta amince a riƙa gwada tsabtar magunguna da shi. Allurar rigakafin da aka yi wa ɗanka da ruwan da aka ƙara wa mahaifiyarka a asibiti, da wuya a ce ba su bi ta irin wannan gwaji ba. Ana zuƙe wani ɓangare na jinin kaguwar a mayar da ita teku, kuma hukumar kamun kifin nan da kanta ta ƙiyasta kashi 15 cikin ɗari na mutuwa. Alhali tun shekarun 1990 Farfesa Ding Jeak Ling ta Jami'ar Ƙasa ta Singafo ta haɗa madadinsa a ɗakin gwaji. Turai ta karɓe shi a 2020, masu tsara ƙa'idar magunguna a Amurka kuwa sai 2024. A ganina wannan jinkiri ba shi da hujja.

Abin da ya fi taɓa ni aikin 'yan sa-kai ne. Igiyar ruwa takan kifar da kaguwar ta bar ta rigingine, ƙafafu na wutsil-wutsil, rana na gasa ta. Sai mutum ya sunkuya ya kama gefen ƙwaryar, ba jelar ba don kada ya ji mata rauni, ya juya ta, ta ja jiki ta koma ruwa.

Mu ma muna da zango. Fadamun Haɗeja da Nguru na karɓar tsuntsaye daga Turai kowane hunturu, kuma ruwansu ya ragu tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa. Ina roƙon masu sakin ruwan madatsun nan, idan za su yi lissafin rabo, su sa fadama da baƙinta a ciki.