Kafin ka ce na'urar tsotse laima ta mutu

Watan Agusta na kamawa, sito-siton hatsi a Kasuwar Daji ta Ƙaura Namoda kan fara warin fumfuna. Wani ɗan'uwana mai sayar da wake ya sayo na'urar tsotse laima daga Gusau, bayan ɗan lokaci ya ce jabu ce. A ganina yawancin masu wannan ƙorafi ba su yi wa na'urar adalci ba.

Aikinta irin na firji ne: fanka na jawo iska ta bi kan bututu mai sanyi, ruwan da ke cikin iskar ya ɗiga cikin tanki. Tankin na cika, ko bai zauna daidai ba, sai ta kashe kanta. Ƙurar sussuka kuwa tana toshe ragar tace iska, kuma mutanenmu ba sa wanke ta. Ga ƙofa a buɗe yini guda, ana so ƙaramar na'ura ta busar da iskar Ƙaura Namoda baki ɗaya. In wutar janareta ta yi rauni, fanka za ta juya amma kwamfuresa mai sanyaya bututun ba zai tashi ba. A kashe na'urar, a jira minti 5 kafin a sake kunna ta.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuba masara ɗanya a buhu suna dogara da na'urar. Masara sai danshinta ya sauka kusan kashi 13 cikin 100 take ajiyuwa, in ba haka ba fumfuna mai gubar hanta ta kama ta, kuma 'ya'yanmu ne za su ci tuwon. A shanya masarar a rana tukuna, a ɗora buhunan kan katako nesa da bango.